Linux ba ya ganin sabuwar firintata, ko ta kebul ko ta rauta

Mai_Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a hannuna yau kwana huɗu, kuma na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani kafin in lalata wani abu a garin gyara.

Ina da kwamfutar tebur wadda na ɗora wa Linux, irin wanda aka gina a kan Debian, kuma na fi shekara biyu ina aiki da ita ba tare da wata damuwa ba. A duk tsawon wannan lokaci ina da wata tsohuwar firinta mai bugun baƙi da fari, wadda tun ranar da na haɗa ta da kebul na USB na girka mata direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa ta, ba ta taɓa ba ni wahala ba, har ta gaji ta daina jan takarda. Na maye gurbinta da sabuwa, irin mai bugu da sikanin a haɗe, kuma a nan ne labari ya sha bamban. Idan na shiga saituna na danna wurin ƙara firinta, sai alamar nema ta yi ta juyawa na kusan minti ɗaya, daga nan ta ce ba a sami komai ba.

Ga abin da na riga na gwada. Na sauya kafar USB har sau uku, na kashe kwamfutar da firintar na sake kunna su, wani lokaci firintar da farko, wani lokaci kwamfutar da farko. Na je shafin kamfanin da ya ƙera ta na sauko da direban da suka tanada domin Linux, na bi matakan girkawa, amma da aka zo wurin da manhajar za ta nemi na'urar sai ita ma ta ce babu firinta a haɗe, alhali kuwa ga ta nan a gabana, fitilarta a kunne, kebul a jikinta. Da na gaji sai na haɗa ta da Wi-Fi, tunda kwamfutar ma tana kan rauta ɗaya da ita ta kebul ɗin intanet, amma nan ma shiru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wayata ta hannu ta gano firintar cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da na girka mata komai ba, har na buga shafi ɗaya daga wayar ya fito tsaf. Saboda haka na tabbata firintar lafiyarta ƙalau. Kebul ɗin yana bi ta wata 'yar na'ura mai raba kafar USB gida huɗu, in har wannan yana da muhimmanci. Ina da takardu masu yawa da nake bukatar bugawa a wannan mako, kuma tura kowace takarda zuwa waya kafin a buga ba hanya ce da za ta ɗore ba. Daga ina ya kamata in fara?

Mai_Gyaran_Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka yi bayani dalla-dalla, domin ya rage mana tambayoyi da yawa. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da girka wani sabon abu, domin duk direban da ka ƙara a wannan hali ƙara dagula ruwan yake yi, kuma daga baya ba za mu san wanne ne ya gyara ko wanne ne ya ɓata ba.

Idan mutum ya ce kwamfuta ba ta ganin firinta, a haƙiƙa yana iya nufin abubuwa uku daban-daban, kuma kowanne maganinsa daban. Yana yiwuwa zuciyar tsarin, wato kanel, ba ta ma san an soka wani abu a kafar USB ba. Yana yiwuwa kanel ya gani, amma CUPS, manhajar da ke kula da duk harkar bugu a Linux, ba ta gani ba. Yana kuma yiwuwa CUPS ta gani amma ba ta san yaren da za ta yi wa firintar magana da shi ba. Sai a wannan mataki na uku ne maganar direba take tasowa, amma mafi yawan mutane daga nan suke farawa, kamar yadda kai ma ka yi. Mu bi su daga ƙasa.

Da farko ka cire wannan na'ura mai raba kafa, ka soka kebul ɗin kai tsaye a ɗaya daga cikin kafofin da ke bayan kwamfutar. Irin waɗannan na'urori, musamman waɗanda ba su da tasu wutar, sukan sa na'ura ta riƙa bayyana tana ɓacewa. Ka kuma duba tsawon kebul ɗin, domin ƙa'idar USB 2.0 ba ta wuce mita 5 ba. Sannan ka cire kebul ɗin, ka buɗe tagar umarni ka rubuta:

`sudo dmesg -w`

Ka bar tagar a buɗe, ka mayar da kebul ɗin kana kallon allon. Idan sababbin layuka suka fito ɗauke da sunan firintar, to kanel ya gan ta. Idan kuwa ka ga ana maimaita wani layi mai cewa `device descriptor read/64, error -71` ko makamancinsa, to kusan ko da yaushe laifin kebul ne, ko kafa, ko ƙarancin wuta, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan. Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, ka nemi wani kebul. Bayan haka ka rubuta `lsusb` ka duba ko tana cikin jerin na'urorin USB da zai nuna.

Mataki na biyu shi ne CUPS. Rubuta `lpstat -r` domin ka ga ko tana aiki, sannan ka rubuta `sudo lpinfo -v`, wanda zai lissafo duk hanyoyin da CUPS take iya kaiwa ga firinta a wannan lokaci. Layukan da za ka gani irin su `network ipp` da `network socket` ba firintoci ba ne, sunayen hanyoyi ne kawai da suke fitowa ko babu firinta a duniya. Abin da muke nema shi ne layi mai ɗauke da sunan taka na'urar, ko dai wanda ya fara da `direct usb` ko wanda ya fara da `network dnssd` ko `network ipp` sannan cikakken adireshi ya biyo baya.

Ka kuma buɗe burauza ka rubuta `localhost:631` a wurin adireshi. Wannan shafin CUPS ne na cikin kwamfutarka, ba ya bukatar intanet, kuma a ganina ya fi tagar saituna faɗin gaskiya, domin tagar saituna takan ɓoye kurakurai ta ce maka kawai ba a samu ba. Ka kawo mana abin da kowane umarni ya nuna, yadda yake, kada ka taƙaita.

Mai_Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya saka da alheri. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ga kuma abin da na samu.

Na cire mai raba kafar na soka kebul ɗin a bayan kwamfutar. Da na mayar da shi ina kallon tagar umarni, nan take layuka kusan takwas suka fito, da sunan kamfanin da samfurin firintar da lambarta, kuma ban ga kuskuren da ka ambata ba. Sai dai akwai wani abu da na lura da shi: wani layi ya fito yana cewa `usblp0: USB Bidirectional printer`, amma bayan kamar daƙiƙa ɗaya sai wani ya biyo shi yana cewa `usblp0: removed`, alhali ban taɓa kebul ɗin ba. Na maimaita sau uku, kowane karo haka yake faruwa. Duk da haka `lsusb` yana ci gaba da nuna firintar a jerinsa ko bayan wannan layi ya fito.

Umarnin `lpstat -r` ya ce `scheduler is running`. Shi kuwa `lpinfo -v` ya kawo irin layukan da ka ce ba firintoci ba ne, amma babu ko ɗaya mai sunan na'urata, babu na USB babu na rauta. A shafin `localhost:631` kuma tsohuwar firintata ce kaɗai take nan, da na nemi ƙara sabuwa ya karɓi sunana da kalmar sirrina, amma jerin da ya kawo babu ita.

Idan na fahimci bayaninka daidai, matakin farko ya wuce lafiya, a na biyu ne aka tsaya.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Malam Mai_Koyo, fahimtarka daidai ce, kuma layin nan da ka lura da shi shi ne bakin zaren. Ma'anarsa ita ce kanel ya ɗauki firintar ya ba ta wa direbansa na asali mai suna usblp, sai wata manhaja ta zo ta karɓe ta daga hannunsa. A sababbin tsare-tsaren da aka gina a kan Debian, wadda ta fi yin haka ita ce wata ƙaramar manhaja mai suna ipp-usb, wadda take tashi da kanta da zarar an soka firintar da ta dace da ita. Idan ta riƙe na'urar, direban kamfani ba ya samun hanyar kaiwa gare ta ta USB, shi ya sa manhajar girkawa ta ce maka babu firinta.

Ni dai abin da na saba yi, kuma ya yi mini aiki a kwamfutoci da dama, shi ne in cire ta gaba ɗaya da `sudo apt purge ipp-usb`, in kashe firintar in kunna, sannan in sake girka direban kamfanin. Galibi nan take take bayyana. Na fi natsuwa da direban kamfani domin yakan zo da zaɓuɓɓukan da ba a samu a wani wuri, kamar tsaftace kan tawada, da daidaita launi, da zaɓen irin takarda dalla-dalla.

Abu biyu za ka kiyaye idan ka bi wannan hanya. Wasu kamfanoni har yanzu direbobinsu na tsohon tsarin bit 32 ne, saboda haka a kwamfuta mai bit 64 sai an ƙara musu wasu fayilolin tallafi, in ba haka ba za ka ga an girka lafiya, ka tura bugu, layin bugu ya nuna an gama, amma takarda ba ta fito ba. Na biyu, ka rubuta `groups` ka tabbata sunanka yana cikin rukunin lpadmin, ko da yake tunda shafin CUPS ya karɓi kalmar sirrinka, ina kyautata zaton wannan ba matsala ba ce a wurinka.

Malama_Injiniya ta amsa:

Malam Tsohon_Hannu ya gano mai riƙe da firintar, kuma na yarda da shi a kan wannan ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja, cikin girmamawa, shi ne maganar cire ipp-usb, kuma ina roƙon Malam Mai_Koyo ya dakata da wannan umarni har ya duba abu ɗaya tukuna. Dalilina shi ne bayanin bai cika ba: idan ipp-usb ce kaɗai matsalar, me ya hana kwamfutar ganin firintar ta rauta, inda USB ba shi da hannu ko kaɗan? Wayarsa ta gan ta a kan wannan rautar. Hanyoyi biyu da ba su haɗa komai a zahiri ba sun toshe a lokaci guda, saboda haka ya kamata mu nemi abin da suka yi tarayya a kansa.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, domin da shi ne za a ga inda aka yanke. Tun da Apple ya fito da AirPrint, tsarinsa na bugu ba tare da direba ba, a 2010, sannan aka samu ƙa'idar IPP Everywhere da ƙungiyar Mopria a 2013, yawancin firintocin da ake ƙerawa sun koma iya bayyana kansu da kansu. Kwamfuta ko waya takan tambayi firinta ta hanyar yarjejeniyar IPP irin takardar da take ɗauka, da ko tana bugun launi, da ko tana buga gaba da baya, firintar ta amsa, sai a tura mata aikin a wani tsari da kowa ya sani. Babu bukatar direban kamfani a wannan hanya, kuma abin da wayarka ta yi ke nan, Malam, shi ya sa ba ta nemi ka girka komai ba. A 2012 aka fitar da ƙa'idar da ta ba da damar yin wannan magana ta cikin kebul na USB, kuma aikin ipp-usb, wadda Alexander Pevzner ya rubuta, shi ne ta mayar da firintar da ke kan kebul tamkar tana kan hanyar sadarwa, a wani adireshi na cikin kwamfutar da yake farawa daga lamba 60000. Debian ta fara kawo ta a fitowarta ta 11 a 2021.

To amma ipp-usb ba ta zuwa ta gaya wa CUPS kai tsaye cewa ga firinta. Shela take yi, kuma mai kai shelar wata manhaja ce da ke aiki a bayan fage mai suna Avahi. Ita dai wannan Avahi ita ce kuma take sauraron shelar da firintocin kan rauta suke yi ta kafar sadarwa ta UDP mai lamba 5353. Idan Avahi ba ta aiki, ipp-usb za ta karɓe firintar daga kanel kamar yadda ka gani, ta riƙe ta, ta yi shela babu mai kaiwa, ita kuma firintar da ke kan Wi-Fi ta yi ta sanar da kanta babu mai ji. Wannan bayani ɗaya ya ɗauke alamominka duka, har da dalilin da ya sa tsohuwar firintarka ba ta taɓa damuwa ba, tunda ita ta tsohuwar hanyar USB take bi, ba ruwanta da shela.

Gwajin ba zai ci maka minti biyu ba. Firintar tana kan kebul, ka buɗe burauza ka rubuta `localhost:60000`. Idan shafin firintar ya buɗe, wanda yake nuna yawan tawada da saitunanta, to ipp-usb tana aikinta daidai kuma cire ta asara ce. Sannan ka rubuta:

`systemctl status avahi-daemon`

Ka duba kalmar da ke gaban `Loaded` da wadda ke gaban `Active`. Ina da wata tambaya kuma: ko ka tuna ka taɓa kashe wasu manhajojin bayan fage da hannunka, ko domin rage nauyin tashin kwamfuta ko domin tsaro? Ina tambaya ne saboda a watan Satumba na 2024 an bayyana wata ɓaraka mai haɗari a cups-browsed, wata manhajar bayan fage mai ƙara wa CUPS firintocin da ta gano a hanyar sadarwa, wadda a lokacin take sauraron kafar UDP 631 tana karɓar saƙo daga kowa, har wani daga nesa yana iya ƙirƙira maka firintar ƙarya a kwamfutarka. A kwanakin an yi ta yaɗa shawarar a kashe cups-browsed, wasu kuma suka haɗa da Avahi a cikin umarnin da suke rabawa. An fitar da gyara cikin ɗan lokaci, amma mutane da yawa sun kashe sun manta, kuma ba a gane ba sai ranar da aka sayi sabuwar firinta.

Game da fifita direban kamfani, gaskiya ne wani lokaci yana da zaɓuɓɓukan da suka fi yawa, kuma akwai firintocin da ba su da wata hanya sai shi, musamman tsofaffi da masu araha waɗanda kwamfuta ce take yi musu duk lissafin shafi, wasunsu ma sai an loda musu 'yar manhajarsu ta ciki duk lokacin da aka kunna su. Akwai kuma waɗanda suke da'awar sun iya IPP ta USB amma aikinsu yana da tangarɗa, kuma a irinsu shawarar Malam Tsohon_Hannu ita ce daidai. Sai dai masu kula da CUPS a ƙungiyar OpenPrinting, waɗanda suka ci gaba da aikin bayan Michael Sweet da ya ƙirƙiro ta ya bar Apple a ƙarshen 2019, sun daɗe da sanar da cewa tsofaffin direbobi hanya ce da za a rufe, har umarnin `lpadmin` yakan yi gargaɗi a kan haka idan ka girka ɗaya. Firintar da take da ikon aiki ba tare da direba ba, ban ga hikimar ɗaure ta da direban da wataƙila kamfanin zai daina sabuntawa nan da 'yan shekaru ba.

Mai_Koyo ya rubuta:

Malama, kin bugi inda ya dace, Allah ya ƙara basira. Da na rubuta `localhost:60000` shafin firintar ya buɗe nan take, da hotonta da sandunan tawada huɗu duk a cike. Da na duba Avahi kuma sai na ga an rubuta `masked` a layin farko, `inactive` a na biyu. Tambayarki ce ta tuna mini: a lokacin da ake ta maganar waccan ɓaraka na kwafi wasu layuka uku daga wani rubutu na liƙa a tagar umarni, na ga ba abin da ya lalace, na ci gaba da harkata. Na bincika tarihin umarnina da `history` na same su, ɗaya na cups-browsed, biyu na Avahi.

Da farko na gwada `sudo systemctl start avahi-daemon` amma ya ƙi, ya ce an rufe ta. Da na karanta bayanin umarnin sai na fahimci cewa `mask` ya fi `disable` tsanani, domin shi yana hana manhajar tashi ko da wata manhajar ce ta neme ta, ko kai da kanka. Sai na rubuta waɗannan biyu:

`sudo systemctl unmask avahi-daemon.service avahi-daemon.socket`

`sudo systemctl enable --now avahi-daemon`

Na cire kebul ɗin na mayar, na buɗe wata takarda na danna bugu, sai ga sunan firintar a jerin ba tare da na ƙara ta ba. Shafin gwaji ya fito da launukansa daidai, kuma na riga na buga shafi 40 gaba da baya. Wani abin da ban zata ba, manhajar sikanin da ta zo da tsarin ita ma ta gano ta, na ɗora takarda a gilashin na gwada, ya yi.

Ina godiya ga Malam Mai_Gyaran_Kwamfuta da ya koya mini bin abin daga ƙasa, da Malam Tsohon_Hannu da ya fassara mini layin da ya ruɗa ni. Saura tambayoyi uku ƙanana. Yanzu firintar tana fitowa sau biyu a jerin, ɗaya an rubuta USB a ƙarshen sunanta, ko wannan matsala ce? Shin in kunna cups-browsed ita ma, ko in bar ta a rufe? Sannan direban kamfanin da na girka rabi da rabi, in cire shi ko ba ya cutarwa?

Malama_Injiniya ta amsa:

Madalla, Malam, na yi farin ciki da jin haka. Fitowarta sau biyu ba matsala ba ce, firinta ɗaya ce ake ganinta ta ƙofa biyu, ta kebul da ta rauta. Idan abin yana ruɗa ka, ka zaɓi ɗaya: ko ka cire kebul ɗin ka bar ta a Wi-Fi, ko ka kashe Wi-Fi ɗinta idan ba ka bukatar bugu daga waya. Ni da zan zaɓa maka, tunda kwamfutar tebur ce kuma firintar tana kusa da ita, kebul zan bari domin aikin yau da kullum, saboda ba ya yankewa idan rauta ta sake tashi.

Ita cups-browsed ba dole ba ce a halin da kake ciki. CUPS da kanta tana iya ƙirƙirar layin bugu na wucin gadi ga duk firintar da ta yi shela, abin da ka gani ke nan da sunan ya bayyana da kansa, kuma `lpstat -e` zai nuna maka su. Idan wata rana ka ci karo da wata tsohuwar manhaja da ba ta nuna firintar a jerinta, kana iya kafa mata layi na dindindin da wannan umarni:

`sudo lpadmin -p Firinta -E -v ipp://localhost:60000/ipp/print -m everywhere`

Idan kuma ka fi son ka kunna cups-browsed, ka fara sabunta tsarinka gaba ɗaya domin ka tabbata gyaran waccan ɓaraka ya shigo. Barin Avahi a kunne a kwamfutar da ke bayan rautarka ba abin fargaba ba ne. Wanda yake yawo da kwamfutar cinya a Wi-Fi na jama'a shi ne ya kamata ya toshe kafar 5353 daga waje da katangar tsaro, kuma yin hakan ba zai hana firintar kebul bayyana ba, tunda shelarta a cikin kwamfutar take tsayawa.

Direban kamfanin kuwa ka cire shi, domin wasunsu suna ɗora nasu dokokin USB da manhajojin bayan fage da za su iya yin jayayya da ipp-usb a kan na'urar bayan wata sabuntawa. Ka rubuta `dpkg -l` ka tace sakamakon da sunan kamfanin domin ka ga ainihin sunayen abubuwan da aka girka, sannan ka cire su da `sudo apt purge`, kana karanta jerin da zai nuna maka kafin ka amince, kada ya tafi da direban da ya zo da tsarin tun asali. Ka kuma goge layin tsohuwar firintar daga shafin `localhost:631`, domin idan har yanzu ita ce zaɓin farko, wata rana za ka tura bugu ya tafi can ya zauna yana jiran na'urar da ba ta nan.